Ni na sayo mata katun ɗin da hannuna

Anti Luba, don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Na san ni da surutu. Matan wurin aikinmu cewa suke in na ɗauko labari sai na biya da shi ta Zariya kafin in dawo Abuja. Amma wannan karon ba ni da wanda zan gaya wa, don waɗanda na saba kai wa kukana su ne yanzu rabin matsalar, kuma ni na jawo su ciki. Sati uku ya rage a ba da hutun makaranta. Maigidana ya riga ya yanke cewa ranar da aka ba da hutun zai ɗauki 'yata ya kai ta gidan yayarsa a Kontagora, ta ci gaba da karatu can. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ina tsoron ta tafi, ina kuma tsoron abin da zai faru in ta zauna.

Bari in fara daga farko. Shekarata talatin da takwas, muna haya a Mararaba, ɗaki da falo. Ina aiki a wani kamfanin sabulu a Idu, mu ne masu jera sabulun a kwali. Wanda ya san Abuja ya san tsakanin Mararaba da Idu ba nan kusa ba ne. Kafin shida na safe ina bakin titi ina jiran motar kamfani, kuma in gosulo ya yi mana adalci ina shiga gida da magariba. Maigidan direba ne, daga tashar Utako yake lodi zuwa Legas, in mun gan shi sau biyu a sati mun gode Allah. 'Ya'yanmu biyu, duk mata. Ƙaramar Zakiyya, shekararta shida, ita ce mai hawa cinyata ta cire mini ɗankwali. Babbar shekararta goma sha biyar, tana ajin farko na babbar sakandare, kuma a kanta nake rubuto miki.

Zan kira ta Bara'atu a wasiƙar nan. Ba sunanta ba ne, na wata ƙawata ce ta yarinta. Nata na gaskiya ko ba don jarida ba ma ba zan iya rubutawa ba, don 'yar fari ce, kuma mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi, ba ta zama ta yi hira da shi, in ana yabonsa sai ta kawar da kai. Haka Innata ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah, kuma ban taɓa jin ya ce an rage shi da komai ba. Ni ma haka na ɗauko. Shekara goma sha biyar ke nan “ke” nake ce mata, in ina ba da labarinta in ce yarinyar nan. Maƙwabtana 'yan Filato har dariya suke yi mini, ni kuwa ina hura hanci, wai ga wadda birni bai lalata ba.

Tun tana ƙarama na hana ta kallon fim ɗin Indiya da na Koriya, saboda rawa da soyayya. Na tsaya a kan wannan tsayin daka, har faɗa na taɓa yi da wata maƙwabciya da ta bar ta ta zauna a falonta ana kallo. Da aka yi hutun watan Afrilu sai na ga zaman ya yi mata yawa, ita da ƙanwarta daga safe har magariba, na ji tausayinta. Wata Asabar na je Utako karɓar saƙo wajen babansu, a hanyar fitowa na ga wani mai tura fina-finai a waya zaune da kwamfutarsa. Na ce masa katun nake so, na 'yan makaranta, wanda yarinya za ta kalla ta ƙaru da Turanci. Ya tambaye ni shekarunta, na faɗa masa. Ya ce to akwai wanda duk sa'o'inta shi suke nema, na Japan ne, anime ake ce wa irinsa, kashi ashirin da huɗu. Ban ɗora masa laifi ba, Anti, abin da na tambaya ya ba ni. Ni a sanina katun shi ne dabbobi suna guje-guje suna faɗuwa, yara na dariya. Na dawo gida na sa memorin a tsohuwar wayata da ba layi a ciki na miƙa mata.

Wallahi har alfahari na yi da abin. In ta gama wanke-wanke na ba ta wayar, in ta yi laifi na hana ta, ya zama mini abin horo. Sau da yawa a gabana take kallo ina tsince wake. Nakan leƙa in ga yara masu manyan idanu, da kayan makaranta tsaf-tsaf, furanni na faɗowa, ruwan sama na sauka a kan taga. Yarensu suke yi, Turancin kuma a ƙasan hoton yake gudu, ni kuwa Turancina na karanta sunan sabulu ne da lambar kwali, kafin in haɗa kalma biyu rubutun ya wuce. Kiɗan farkonsa ya shiga kaina, har a wurin aiki nake bin sa da baki. Na gaya wa matan layinmu cewa 'ya'yan mutane suna can suna hira da samari a waya, tawa kuwa har yanzu katun take kallo. Duk lokacin da na tuna wannan maganar sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

Akwai wata Lahadi da ba ta barin raina. Da la'asar ce, ina gugar kayan makarantarsu a falo. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da wayar a hannu, ta ce saura kashi ɗaya ta gama, ko zan zo mu zauna mu kalla tare. Ba ta taɓa neman wani abu irin wannan a wajena ba. Dariya na yi. Na ce ni da girmana in zauna kallon katun, kuma a raina ina cewa yaushe uwa za ta haɗa kafaɗa da 'yar fari a kan waya guda. Na ce ta je ta gama ta zo ta jajjaga mini attarugu. Ta shiga ɗaki. Bayan kamar rabin awa ta fito ta ɗauki turmi ta yi jajjagen, idanunta jajur, na ɗauka attarugun ne.

Daga nan yarinya ta fara canzawa, amma a hankali, yadda in kana tare da mutum kullum ba ka lura. Da damina ta kankama sai ta riƙa dawowa daga makaranta a jiƙe sharkaf, alhali lemar da na saya mata tana naɗe a cikin jaka. Na yi faɗa har na gaji. Sau biyu zazzaɓi ya kwantar da ita, dole na roƙi ogana ya ba ni hutun kwana ɗaya, ya ba ni yana tsaki. Na zauna a gefenta ina shafa mata man zafi a ƙirji da baya, ina ba ta kunu da cokali, don in ciwo ya zo ba a maganar kunya. Da ta warke kuma ruwa ya sake sauka, sai ta sake shigo mini a jiƙe. Ta sa almakashi ta yanke gaban gashinta ya sauko mata kan ido. Ta rage cin abinci. Ta daina kula Kindness, 'yar maƙwabciyarmu, ajinsu ɗaya, wadda tun firamare ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Duk na gani, na ce girma ne, zai wuce.

A tsakiyar watan Yuni na ɗauki jakarta zan wanke, sai wani littafi ya faɗo. Ba na makaranta ba ne. Ta zana idanun nan manya-manya a ko'ina, ta rubuta sunan wani yaro, Zulkifilu, ya fi sau ɗari. Ta ja layi tana ƙirga ranakun da aka yi ruwa. Rabin rubutun Hausa ne, don haka na karanta. Ta ce son gaskiya sai da ciwo. Ta ce wanda ba ya kallonka shi ya fi sonka, ɓoyewa kawai yake yi. A shafi na ƙarshe ta rubuta cewa ba a sanin mutum yana nan sai ya tafi. Na karanta wannan layin sau uku.

A nan na yi abin da ya fi komai muni, kuma ba wanda ya sa ni. Raina ya ba ni sammu ne aka yi mata ko iska ta shige ta. Muna da guruf na matan dangi a WhatsApp, mun fi arba'in, nawa da na maigidan duk a haɗe don auren gida aka yi mana. A nan ake sanar da haihuwa da rasuwa, a nan ake neman addu'a in wani ba lafiya. Na ɗauki hoton shafi huɗu na tura, na ce a taya ni da addu'a. Wallahi addu'ar kawai na nema. Kafin awa ɗaya saƙonnin murya sun fi talatin. Wannan ta ce a yi ruƙiyya, waccan ta ce a nemo yaron a ci mutuncinsa, wata ta ce ai dama 'ya'yan Abuja sai addu'a. Na manta shaf cewa ɗaya daga cikinsu 'yarta a makarantar su Bara'atu take, kuma tana taɓa wayar uwarta. Ran Litinin shafukan nan huɗu suna cikin wayoyin 'yan ajinsu.

Abin da ya biyo baya Kindness ce ta zo ta faɗa mini, tana kuka, ran wata Asabar da Bara'atu ta tafi Islamiyya. Ta ce sun sa mata suna amaryar ruwa. In hadari ya haɗo sai aji ya ɗauki ihu wai ga angonta nan zuwa. Shi kuma Zulkifilun, ashe ɗan ajinsu ne, da abin ya ishe shi, ya miƙe a gaban kowa ya ce shi ko saninta bai yi sosai ba. Kuma gaskiyarsa, don yaro ne da ba abin da ya dame shi sai ƙwallo. Duk abin da ya taɓa haɗa su shi ne wata rana ruwa ya tsare su a barandar makaranta, ya matsa ya ba ta wuri, ya kira sunanta ya ce ta shigo ciki kada mura ta kama ta. Shi ke nan. A kan wannan ta gina duk abin da ke littafin.

Kindness ce kuma ta ba ni labarin katun ɗin, don ita ma ta kalla a wani wuri. Wai wata ɗaliba ce take son wani ɗan ajinsu wanda ba ya yi mata magana sai ranar da ake ruwa. In rana ta fito ya yi kamar bai san ta ba. Ya raba ta da ƙawayenta, ya riƙa wulaƙanta ta, ita kuma kullum tana ƙara sonsa. A kashi na ƙarshe yarinyar ta hallaka kanta, aka yi abin da furanni da kiɗan nan mai daɗi, yaron ya durƙusa yana kuka yana kiran sunanta, sai a lokacin ya gane ita yake so. Anti, wannan ne kashin da ta zo bakin ƙofa ta ce in zo mu kalla tare. Kiɗan da nake bi da baki a wurin aiki ke nan.

Na karɓe wayar, na cire memorin. Na so in jefa shi a kwata amma na kasa, yana nan ƙulle a bakin zanena kamar wani abin arziki. Na kai ta wajen wani malami ya yi mata karatu, kuma Allah Ya saka masa da alheri, da ya gama ya kira ni gefe ya ce shi bai ga komai a jikinta ba, yarinya ce da ke neman wanda za ta yi magana da shi. Babansu kuwa a hanya yayarsa ta kira shi ta fesa masa kafin ni in buɗe baki. Ya dawo bai daki kowa ba, ya ce kawai Abuja ta fi ƙarfinmu, gidan da ba kowa a ciki da rana ba wurin ajiye budurwa ba ne, Kontagora za ta tafi.

Yanzu tana nan, tana shara, tana girki, tana zuwa makarantar da ake yi mata dariya. Duk abin da na ce sai ta ce to. Ba ta kuka, ba ta fushi, ko kallona ba ta yi. Ban tambaye ta maganar shafin ƙarshen nan ba, ina jin tsoron in na taɓo ta zan ƙara cusa mata abin a rai. Ban kuma ba ta haƙuri ba, don ban san ta ina ake farawa ba, ban taɓa ganin uwa ta yi haka da 'yar fari ba. Anti, katun ɗin ne ya ɓata mini yarinya ko ni ce? In bar babanta ya tafi da ita? Na yi nadama irin wadda ban taɓa yi ba, kuma kwanakin suna ta tafiya. Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini zafi.

Uwa mai nadama, daga Mararaba

Amsar Anti Luba

'Yar'uwata, na karanta har ƙarshe, kuma ban ga tsawonta ba. Bari in fara da abin da ba zai jira sati uku ba. Yarinyar da ta rubuta wancan layin, ta rage cin abinci, ta rabu da ƙawarta, aka tozarta ta a aji, yanzu kuma ta daina ko kuka, ba a zuba mata ido a ce a ga yadda hali zai yi. Shirun nan shi ya fi ba ni tsoro a duk wasiƙarki. A cikin satin nan ki sake roƙon oganki kwana ɗaya, ya yi tsakinsa, ki kai ta babban asibiti ki nemi masu duba matsalar damuwa. Ba wai ta haukace ba ne, kuma zuwa asibiti bai hana addu'a ba, malaminku ma ai hanyar ya nuna miki. Kafin nan ki tambaye ta kai tsaye, cikin taushin murya, ko ta taɓa tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta saka wa mutum abin da ba ya ransa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ta ce e, kada ki yi salati ki ɗora hannu a ka, ki riƙe ta ku tafi asibiti a ranar. Ki kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutarwa daga inda hannu ke kaiwa, ki kuma roƙi mahaifiyar Kindness yaran su riƙa zama wajenta daga tashi makaranta har ki dawo.

Kin tambaya ko katun ɗin ne. Yana da nasa kason, kuma ba ƙarami ba. Yawancin iyaye irin kuskurenki muke yi, mu ga zane mu ce na yara ne, alhali a cikin irin waɗannan akwai na yara, akwai na manya, akwai wanda babba ma sai ya kwana biyu yana juya shi a rai. Wanda kika bayyana ya ɗauki wulaƙanci ya kira shi so, ya ɗauki mutuwa ya yi mata ado da furanni, ya nuna wa 'yar shekara goma sha biyar cewa hanyar da za a gane darajarta ke nan. Ƙarya ce, amma an yi ta da kiɗa mai daɗi. Sai dai ki lura, Kindness ma ta kalla, ga ta nan tana cin abincinta. Labari yana kama mutum ne a inda ya tarar da rauni.

Kin ce in gaya miki gaskiya, to ki sake karanta wasiƙarki. Kin rubuta cewa yaron cikin fim ba ya kula yarinyar sai ranar ruwa. Kin rubuta cewa 'yarki tana shiga ruwa da lema a jaka, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita ce kike barin aiki ki zauna a gefenta, ki taɓa jikinta, ki ba ta kunu a baki. Kin rubuta cewa duk abin da Zulkifilu ya yi shi ne ya kira sunanta. Ni ban ce don ke take shiga ruwa ba, ban san zuciyarta ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba. Amma da na karanta inda ta ce wanda ba ya kallonka shi ya fi sonka, ban tabbata yaron kaɗai take nufi ba.

Ba zan zagi kunyar ɗan fari ba, ni ma a cikinta na tashi, kuma na san ba ƙi ba ne. Amma ki tuna gidan da yayanku ya girma. In Innarku ta kawar da kai, akwai kaka da za ta ja shi jikinta, akwai gwaggo, akwai matan baffanni, sunansa yana bakin mutum goma kafin azahar. Al'adar da mutanenta take tafiya. Ke kin ɗauko ta kin kawo ɗaki da falo a Mararaba, kin baro kaka da gwaggo a gida, uba yana hanyar Legas, ga ƙanwa a kan cinya tana gani. Ba da mugunta kika yi ba, kuma macen da ke fita kafin shida don 'ya'yanta su ci su yi karatu ba a ce mata marar kula. Duk da haka gurbin yana nan, kuma babu mai cike shi sai ke.

Maganar Kontagora, kada ki ɗauki maigidanki a matsayin abokin gaba. Tsoro ne ya kama shi, kuma yana da gaskiya cewa gidan da ba kowa da rana bai dace da ita yanzu ba. Amma ki tuna masa abu biyu. Ita za ta ɗauki tafiyar a matsayin kora, a daidai lokacin da take ganin ba a damu da ita ba. Sannan matan da za a kai ta cikinsu su ne waɗanda suka karanta littafinta shafi-shafi suka yi sharhi. Ki same shi ranar da ya huta, ba a waya ba, ki nuna masa layin nan na ƙarshe in bai gani da idonsa ba, ki roƙe shi ya ɗaga maganar zango ɗaya kuma ya raka ku wajen likita ya ji da kunnensa. In makarantar ce ta gagare ta, akwai wasu a Mararaba, a tambaye ta a canza mata. In daga baya ita da kanta ta ce tana son zuwa hutu wajen gwaggonta, wannan daban.

Guruf ɗin dangi kuwa, da hannun da kika tura za ki gyara. Ki rubuta gajeren saƙo ki ce kin yi kuskure da kika fitar da sirrin 'yarki, kina roƙon kowa ta goge hotunan, kuma maganar ta tsaya nan. Kada ki tsaya amsa masu sharhi. Ki ga malamar ajinsu a keɓe don a tsawatar wa masu tsokana, amma ki fara gaya wa 'yarki za ki je, kada ta sake jin an yi wani abu a kanta a bayan idonta. Yaron nan a ƙyale shi, bai yi komai ba. Kindness kuma kada ki mai da ita 'yar rahoto, ki bar ta ta zama ƙawa, ita 'yarki take bukata.

Memorin da ke bakin zanenki, gara da ba ki jefar ba. Kada ki mayar mata yanzu. Ki sami babba mai karanta Turanci da sauri, ko mahaifiyar Kindness ce, ku zauna ku kalli kashin nan na ƙarshe ta riƙa fassara miki, don ki san abin da 'yarki ta gani ita kaɗai a cikin rabin awan nan. Nan gaba kuma ba hana kallo gaba ɗaya ne magani ba, don abin da kika hana a gida yana wayar ƙawaye. Ki riƙa tambayar na 'yan shekara nawa ne, ki kuma sa ta ba ki labarin abin da take kallo. Yaro yana son a tambaye shi abin da ya fi babba sani.

Kin ce ba ki san ta ina ake fara ba da haƙuri ba. Ba shi da wata hanya ta musamman. Ki zaɓi lokacin da Zakiyya ba ta nan, ki mayar mata da littafinta a hannunta, ki ce kin karanta abin da ba naki ba, kin nuna wa waɗanda bai kamata su gani ba, kin yi laifi, ta yafe miki. Kada ki haɗa da amma. Ki gaya mata kin kalli kashin da ta kira ki, kuma kin yi nadamar rashin tashi daga kan guga a ranar. Ni a ganina ba katun ta kira ki ki gani ba, ta hango inda labarin ya dosa ne ta ji tsoron shiga ita kaɗai. Mai yiwuwa ta ce to kawai ta tashi. Kada ki karaya, ki dawo gobe, ki dawo jibi, a ranar da lafiyarta ƙalau kuma ba a ruwa.

Kuma in za ki shiga ɗakin, 'yar'uwata, ki tsaya a bakin ƙofar nan da ta tsaya, ki kira ta da sunanta. Na san zai yi miki nauyi a baki. Babu kowa a wurin sai ke da ita, kuma shekara goma sha biyar ke nan tana jiran ta ji yadda yake fita a muryarki.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya sanyaya zuciyarki, Ya daidaita tsakaninku. Ki rubuto mini in ji yadda kuka yi da likita.

Anti Luba